Soron da Ya Sa Riga

Damina ce mai naci a waccan shekarar, bango ba ya bushewa kafin wani hadarin ya haɗo. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen tamfol, sai in gan ni a gidanmu na Mandawari, ina yarinya, ina jera ƙore a ɗakin kakata saboda yoyo.

Soronta ya tsage tun ruwan fari, magini kuma ya ce ba ya taɓa shi sai ruwa ya ɗauke. Babana ya samo tamfol aka shimfiɗa a sama, aka danne da duwatsu. Shi ke nan abin da ya raba tsohuwa da ruwan Allah.

To, akwai baffana, autanta, akawu a wani kamfanin gyaɗa na Turawa. Maigidansa ya ce ya zo ran Asabar ya ga yadda ake ƙwallon lambu, wai golf. Ya gani fa aka ce. Shi kuwa ji ya yi an naɗa shi Bature.

Aka shiga shiri kamar za a kai amarya. Ya kai takalminsa wurin baduku aka jera masa ƙusoshi a ƙasa, wai saboda santsi. Tela ya datse masa wando mai kyau a ƙasan gwiwa. Ga doguwar safa, ga hula hana-salla. Saura rigar ruwa. Ran Alhamis rana ta ɗan fito, ya hau soron ya ce zai gyara zaman tamfol. Ashe rabi ya yanke ya kai wa tela.

Ran Asabar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ya fito ƙwas-ƙwas, ƙusoshin nan suna farfasa daɓen da matan gida suka sha wahala a kai, rigar ta ƙame a jikinsa kamar busasshiyar fata. Kakata ta daɗe tana dubansa.

"Auta, wannan ba rufin ɗakina ba ne?"

"Inna, kaɗan na ɗiba. Can ba a shiga da babbar riga."

"Ƙwallon da kai za ka buga, kai za ka bi ka ɗauko? Kare ma sai wani ya jefa masa."

Bai kai Ƙofar Nassarawa ba ruwa ya goce. Kafin azahar ƙasar rufin ta ɓantaro ta faɗo kan gadon kakata, azara ta fito fili. Muka fito da ita da akwatinta, ta ƙarasa yinin a ɗakin mahaifiyata.

Da la'asar ya dawo. Turawan ko leƙowa ba su yi ba, suna cikin kulob ɗinsu suna shan shayi. Shi ya yi ta tsayuwa a baranda har maigadi ya ce masa ya tafi gida.

Yanzu jikana ma yana wannan wasa, da jakarsa da laimarsa da riga mai sulɓi. Ba na hana shi. Nakan dai tambaye shi ko ya duba rufin uwarsa.

Washegarin waccan Asabar kakata ta ciro rigar daga inda baffa ya rataye ta. Mahaifiyata ta kawo reza a warware ɗinkin, kakata ta ce a bar shi. Ta sa baffa da kansa ya hau soron ya shimfiɗa rigar yadda take, hannunta ɗaya na reto kusa da indararo, ta wajen lungu. A ƙarƙashinsa baffa ya riƙa wucewa aiki kullum, har ruwa ya ɗauke.