Gaban boksina na Yaya Bello ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kurɓar shayi da safen nan waya ta shigo daga gida, wai Yaya Bello mai man riɗi ya rasu. Kofin yana nan inda na ajiye shi.

Ba jini ne ya haɗa mu ba, maƙwabtaka ce a ƙauyenmu kusa da Mai Wurno. Da na bar sakandare na tsallaka Jidda neman na kaina, shi ya riƙa aika wa mahaifiyata mai, bai taɓa faɗa mini ba. A bakinta na ji.

Ƙarshen shekarun saba'in na dawo da boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Da gumina na saye ta, babu wanda ya tallafa mini. Kuma tana da mukayyif, abin sanyaya cikin mota, wanda mutanenmu ba su taɓa gani ba sai a wurina.

Ranar kasuwar Dinder nakan ɗauki Yaya Bello da garewaninsa na mai. Gaba nake sa shi, in murɗa sanyin har ƙarshe don in girmama shi.

Sai mu yi nisa, sanyi ya ɗauke. Fanka tana ƙara, iska babu. Mu isa, ya sauka, in ɗan zaga kasuwa, in dawo in tayar, sanyi ya dawo kamar ba a yi komai ba. A cikin gari kuwa, kowa na ɗauka, lafiya lau.

Na sauya bel. Na sauya fiyus. Na kai ta Sennar aka ƙara gas. Makaniki ya kunna ta a gabana tana hura sanyi, ya ce, "Ya zol, bawan Allah, motarka ba ta da komai."

A nan Garba ya shigo. Shi ma mai yake sayarwa, amma nasa ba ya tafiya kamar na Yaya Bello. A bakin masallaci ya ce, "Ku duba dai. In Bello ya shiga ta mutu, in ya fita ta tashi. Wanda ke shanye sanyin ƙarfe, mi zai yi wa ɗan mutum?"

Kun san abin da kalmar maye take yi a garinmu. Mata suka daina aikowa sayen mai. In ya biyo layi sai a janye yara cikin gida. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa.

Ban yarda ba ko na minti ɗaya. Amma Yaya Bello da kansa ya koma bayan mota, cikin garewani, cikin rana. Ya ce, "Usmanu, bar ni nan, kada in ɓata maka mota."

Ranar ma sanyin ya ɗauke, ga shi can a baya. Na tsaya a gefen hanya, na zura hannu ƙarƙashin dashbod, na taɓa bututun sanyin. Ƙanƙara! Ta toshe hanyar iskar gaba ɗaya. Ɗan abin da ya kamata ya tsayar da kwamfiresa, wato injin sanyin, in sanyi ya kai ne ya mutu. Tafiya mai nisa, sanyi a ƙarshe, sai ƙanƙara ta taru. In an tsaya ta narke. Shi ke nan maitar.

Ban gyara ba tukuna. Ranar kasuwa ta gaba na ce, "Garba, zo ka shiga gaba, yau kai ne babban baƙo." Ya shiga yana washe baki, Yaya Bello kuwa yana baya. Na murɗa har ƙarshe. Muna tsakiyar fili, ba itace ba inuwa, sanyi ya ɗauke.

Na ce, "To, Garba, yau wa ya shanye?"

Na kama hannunsa na ɗora a kan ƙanƙarar. Sannan na buɗe ƙofa na ce ya sauka, ba na ɗaukar mayu. Na ja mota.

Yaya Bello ya yi ta dukan rufin. "Usmanu! Don girman Allah ka koma, rana za ta kashe shi!" Don shi kaɗai na juya. Garba ya rantse zai tashi ranar Juma'a ya janye maganarsa a gaban jama'a.

Juma'ar ba ta zo ba har yau. Na bi gida gida na faɗi abin da na gani, aka ce ai abokinsa ne, dole ya kare shi. Bara ma an fasa neman auren jikar Yaya Bello saboda wannan kalma.

Ganinmu na ƙarshe da ƙaramar Salla ne. Na je da sabuwar motata, na buɗe masa gaba. Ya yi dariya ya ce, "A'a ƙanena, na saba da baya." Ya kuma ce in ƙyale Garba, shi ya yafe tuntuni.

Shi ya yafe. Ni ban yafe ba, kuma jikokinsa ba a tambaye su ba.

Garba, na san 'ya'yanka suna karanta abin da nake rubutawa, su karanta maka. Gobe da hantsi tsohon boksina, da har yau ban rabu da shi ba, zai tsaya a ƙofar gidanka. Za ka zo wurin zaman makoki, ka tashi tsaye a gaban jikokin Bello, ka faɗi abin da hannunka ya taɓa ranar nan. In ka ƙi, ni zan tashi in faɗa, da sunanka da na ubanka.

Kuma a baya za ka zauna.

Ya Allah ka jiƙan Yaya Bello, ka sanyaya masa kabarinsa da sanyin da ba ya ɗaukewa, ka wanke sunan zuriyarsa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa Fatiha, ya kuma kira shi da sunansa na gaskiya: Bello mai man riɗi.