Matar da Ke Daka a Gefen Hoto

Mun bar Magarya ranar Litinin da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ni da Mushe Sani, malamin lakwal, wato makarantar boko, mai ritaya. Ya samo wani tsohon fim na zamanin Nasara, marar murya, labarin wani yaƙi na da can. Aikina in tsaya gefen allo in yi wa mutane bayani, don na taɓa aji shida, ina iya karanta ɗan Faransancin da ke fitowa tsakanin hotuna. A shingen jandarma aka buɗe akwatin majigi, ɗayansu ya ce mu dawo ta nan mu nuna musu.

Waca

Mun sauka garin Waca ƙarfe takwas, muka karya da fura. Bayan la'asar aka toshe tagogin aji da tabarmi. Jarumin fim ɗin Bature ne da ya shafa baƙi a fuska, ya naɗa rawani a karkace. Mutanenmu na gaskiya suna can gefe, masu ɗaukar kaya da wata mace mai daka. Rubutun ya kira su bayi, ni ma haka na faɗa. Kai, na ƙara da nawa. Na sa wa matar muryar wawta, wai tana satar gari a bakin zane. Aka yi ta dariya, ni kuwa kaina ya kumbura. Son yabo tsohon ciwona ne.

Guci

Talata muka bi motar kasuwa, awa biyu cikin yashi, awaki na taka mana ƙafa. Na soma wasan jiya ke nan, wata tsohuwa, Iya Dije, ta ɗaga sanda ta ce a tsayar da hoton. Ta matsa har jikin allo, ta bi tsagar kumatun matar da yatsa, sannan ta juyo mana da nata kumatun. Iri ɗaya.

"Ɗan nan, wannan tsagar gidanmu ce, ta maƙera. Wa ya ce maka baiwa ce?"

Na ce rubutu ne ya faɗa.

"Satar garin ma rubutu ne?"

Jikokinta na zaune a gaba, su ma da sun yi dariya. Na ce, "Iya, ƙarya na yi. Ki yafe mini." Ta ce za ta yafe idan na ba ta abin maganar. Ta karɓi lasifika ta nuna yadda matar ke riƙe taɓarya, ta ce dakan gidan biki ne, har ta rera abin da ake rerawa. Mata suka amsa, aji ya cika da guɗa. Wani Bafillace ya gane ɗaurin sandar wani mai kora shanu can baya a hoton, shi ma ya karɓa. Baturen mai rawani yana ta yaƙinsa, ba mai kallonsa. A gidanta muka ci tuwon dawa da miyar kuka.

Mallawa

Laraba na karanta rubutun yadda yake, na ce wannan faɗar mai fim ce. Da aka zo kan matar, na ce 'yar maƙera ce, danginta suna Guci.

Alhamis da azahar muka iso gida lafiya. Godiya ga Allah, da Mushe Sani, da Iya Dije, wadda ta ce in gaya wa maƙeran Magarya kakarsu ta fito a sinima. Na gaya musu tun kafin in sauke jaka.