Jego a Ƙarƙashin Esi

Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, ni ma burin da na ci ke nan. Sai likita ta hana ni hawa jirgi da tsohon ciki, Inna kuma ba ta da halin barin Baba, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya karɓar abinci sai daga hannunta. Haka na haifi 'yata a Doha cikin sanyi, muka dawo ɗakinmu na haya a Bin Omran, daga ni sai maigidana, ɗalibin da ko kunu bai taɓa damawa ba.

Duk wanda ya ce ba a sanyi a Doha, lokacin zafi ya zo. Don gudun rana aka gina gidajen. Tayil ɗin ƙasa kamar ƙanƙara, iska kuma tana shigowa ta ƙasan ƙofa. Inna a waya maganarta ɗaya ce: "Ki yi hankali kada sanyi ya shige ki." Na san abin da take hangowa. Da a gida nake, da ta hura wuta, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta gasa mini jiki ina ihu tana cewa in rufe mata baki.

Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Jos, ita ta shigo barka ta tarar da ni cikin bargo biyu. Ta ɗauki rimot ɗin esinmu, injin sanyaya ɗaki, ta danna har hoton rana ya fito. "Ai irin wannan yana ɗumama ɗaki," in ji ta. Muka zuba masa ido, shiru. Har na buɗe baki zan tsokane ta, sai na ji iska mai ɗumi ta sauko mini a wuya. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Daga ranar na ɗauki injin nan kamar ɗa na biyu. Da na ji iskarsa ta yi rauni, sai in tasa maigida gaba ya hau kujera ya zaro ragar da ke tare ƙura. Shi ke wankewa, ni ke faɗa, don sai ya nemi mayar da ita da lema. A inuwa nake sa shi ya shanya ta. Na ajiye kwanon ruwa a lungu saboda iskar tana busar wa jaririya hanci. Ba na bari a taɓa rimot ɗin, a ƙarƙashin matashina yake kwana.

Wata safiya aka tashi da ruwan sama. Muna waya da Inna ta bidiyo, na juya mata kyamara ta ga ɗaya rabin injin, wanda yake waje a baranda, ruwa yana dukansa.

"Haba, ke kuwa! Abin da ke ba ku ɗumi kuka bari a ruwa? Ku lulluɓe shi mana."

Rabon da in ji muryarta da karsashi haka tun kafin in haihu. Ta samu abin da za ta yi mini. Nan take na sa maigida ya rufe shi da leda da tsohon bargo, ya ɗaure tamau da igiyar shanya.

Kafin azahar ɗakin ya huce. Injin ya yi ta gurnani, can ya ɗauke. Na taɓa ƙafar 'yata na ji sanyi, hankalina ya tashi, na aika a kira maƙwabciya. Tana leƙa baranda ta kwashe da dariya. "Kun toshe masa hanci! Daga iskar waje yake tsinto ɗumin da yake ba ku. Ruwa ba ya yi masa komai." Gaskiya ta faɗa, amma dariyar ta ba ni haushi, don shawarar uwata ake yi wa.

Da Inna ta tambaya da yamma, na gaya mata yadda aka yi. Ta ce, "To, ni ban san kansa ba." Ba ta sake ba ni shawara a kansa ba. Kullum dai sai ta tambaya, "Ɗakin da ɗumi?" In ce da ɗumi.

Ranar da na yi arba'in ta kira. Ta kalli jikarta a waya, ta kalle ni, ta ce na yi kyau, ba alamar sanyi a jikina. Sai ta yi 'yar dariya.

"Ashe dai ko ba ni ana jego."

Na ce, "Inna, ɗakin kawai yake ɗumamawa. Har yau babu wanda ya gasa mini baya."

Ta kawar da kai, ta ce Baba yana kiranta. Ban ji muryarsa ba.

Yarinyar yanzu tana gudu a tsakar ɗaki, kakarta ba ta taɓa ɗaukarta ba. Duk shigowar sanyi nakan zaro ragar in wanke da kaina, in danna hoton rana, in tsaya a ƙasa ina jira. Idan ɗumin ya sauko mini a wuya, sai in ɗauki waya, don na san abin da za ta fara tambaya.