Ranar Da Na Ɗauko Mai Bin Bashina A Bayan Mashin

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku, yau ni ma na ce bari in tona asirin kaina, tunda abin ya wuce kuma yanzu dariya yake ba ni. A lokacin da wannan abu ya faru ni ɗan kabu-kabu ne a Illela, ina ɗaukar mutane da kaya tsakanin garinmu da Konni. Ina da mata ɗaya da mahaifiyata a gida, kuma ina da girman kai wanda ya fi aljihuna nauyi. Mashin ɗin da nake hawa wani kamfani ne ya ba ni a kan in riƙa biya duk wata har ya zama nawa. Ja ne, sabo dal, na sa masa madubi biyu da tuntaye, kullum da safe sai na wanke shi kafin in wanke fuskata. Da shi muke ci, da shi muke sha, in babu shi babu tukunya a gidanmu.

Shekarar farko ban taɓa saɓa biya ba. Sai aka rufe boda, aiki ya tsaya cak, a cikin wannan hali kuma matata ta haifa mini ɗiya. Mai hankali da ya yi suna daidai ƙarfinsa. Ni kuwa na ce haihuwar fari ce, sai an san an yi. Na kwashi kuɗin kamfani na wata biyu na sayi rago mai ƙaho, na ɗinka shadda, na kira masu kiɗa. Wata biyu ya zama huɗu, huɗu ya zama shida. Daga nan kamfanin ya gaji da ni, ya miƙa takarduna ga wani kamfani a Sakkwato wanda aikinsa ke nan, karɓo wa mutane bashi. Suka fara kira safe da yamma, suna turo saƙon cewa tara tana hawa, kuma in ban zo ba za a ƙwace mashin.

Na kai kukana majalisarmu ta bakin tasha, inda kowa lauya ne. Nan aka ba ni shawarar da duk ɗan Illela ya sani tun yana yaro, wato in abu ya yi zafi a nan, a tsallaka da shi can. Suka ce hannun Najeriya ba ya kaiwa Konni. Na ga hikima a maganar. Na tura mashin gidan kawuna a Konni, muka shigar da shi bayan rumbu muka lulluɓe da tabarma. Na cire layin wayata na sa na Nijar. Na dawo gida ina taƙama na fi kamfani wayo. Sai da gari ya waye na tuna cewa abin da na ɓoye shi ne abin da nake nema da shi. Ko da aka buɗe boda aiki ya dawo, tsoro bai bar ni na ɗauko shi ba. Na koma karɓar wani tsohon mashin na abokina ina ba shi balas, wato kuɗin haya, kullum, mashin da sai an tura shi yake tashi. Matata takan tambaye ni da dare ya lafiyar amaryar da na kai Konni, ko tana cin abinci. Kawu kuma ya aiko cewa kazarsa ta samu wurin ƙwai a ƙarƙashin tabarmar. Ina dariya da su, amma a raina kullum a tsorace nake, ko baƙuwar mota na gani a unguwa sai in sauya hanya.

Wata Talata da hantsi motar Sakkwato ta sauke wani dattijo mai furfura a gemu, da ƴar jaka a hammata. Na riga kowa zuwa wurinsa. Bayan ya hau ya zauna daram, sai ya miƙo mini takarda ta kan kafaɗata ya ce gidan wannan mutumin yake nema. Na duba, na ga sunana da na mahaifina. Har da hotona, sai dai injin da ya kwafi takardar ya mayar da fuskar baƙi ƙirin, kunnuwa kawai ake gani. Wallahi saura kaɗan mu faɗa kwata. Na daure na ce na san mutumin, amma gidansa da nisa. Na ɗauki hanyar Gidan Katta da shi, da niyyar in yi ta yawo har rana ta gasa shi ya haƙura ya koma. A hanya ya tambaye ni halin mutumin. Don kada ya zarge ni, na zage na zagi kaina, na ce ai macuci ne, ba ya riƙe amana, kuma ana jin ya gudu Agadas. Dattijon ya ce Allah ya shirye shi, ni ma na ce amin da ƙarfi.

Muka yi ta zagaye har mai ya ƙare. Shi ya zaro kuɗi ya sayi kwalba biyu a bakin hanya. Azahar ta yi, muka tsaya muka yi sallah, ya saya mana fura da nono muka zauna gindin bedi. Nan ya fara ba ni labarin aikinsa. Ya ce mutane suna ɗaukarsu kamar dodanni, kuma gaskiya akwai marasa imani a cikin masu wannan aiki, masu zagi da tozarta mutane. Amma shi a ganinsa ƙwace mashin asara ce ga kowa, domin a harabar ofishinsu akwai mashina jere suna tsatsa, ba su ciyar da kowa ba su biyan kowa. Ya ce abin da yake nema kawai mutum ya ɗauki waya ya faɗi gaskiyar abin da zai iya, ko kaɗan ne, in dai ba zai yanke ba. Na ajiye ƙwaryar furar. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Da muka tashi, na juya kan mashin zuwa cikin gari, na tsaya a ƙofar gidanmu.

Ina neman ta inda zan fara, sai ga Inna ta fito zubar da ruwa. Ta kira ni da sunana na yanka, cikakke, ta ce, “Ɗan nan, ka kawo muna baƙo ba ka hwaɗi ba? Mi za ya ci?” Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Dattijon ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce ai tun a tasha ya gane ni, domin tun da ya hau bayana yake kallon kunnuwan nan biyu na cikin takarda. Ya bar ni ne ya ga iyakar gudun ruwana, kuma zagin da na yi wa kaina ya ishe shi, ba sai ya ƙara ba. Inna ba ta yarda an yi maganar kuɗi ba sai da aka shimfiɗa masa tabarma a zaure ya ci tuwo ya sha ruwa. Sannan ta zauna a bakin ƙofa ta ce a faɗa mata komai, domin ashe ita kaɗai ce a gidan ba ta sani ba.

Da aka zo tsara biya, girman kaina ya sake motsawa. Don in wanke fuska na yanki wani adadi mai yawa na ce zan riƙa bayarwa duk wata. Sai muryar matata ta fito daga bayan labule, ta ce wa dattijon kada ya yarda, ko a wata mai albarka ban taɓa kawo hakan gida ba. Ta lissafa masa kuɗin hatsi, na mai, na cefane da na maganin Inna, ba ta bar ko ɗaya ba. Shi kuma ya ce gara ƙaramin alkawari da za a cika. Ya tambayi ranakun da na fi samu, na ce Lahadi ta kasuwar Illela da Laraba ta kasuwar Konni. Ya ce to a bar zancen wata, tunda kuɗi ba sa kwana talatin a aljihuna. Duk Litinin da Alhamis in tura wani abu kaɗan tun kuɗin kasuwa suna da ɗumi, in damina ta sauka hanya ta lalace a rage adadin. Na roƙe shi a kan tarar da ta taru. Ya fita waje ya daɗe yana waya da ofishinsu, ya dawo ya ce an yafe rabi. Ya rubuta komai a takarda biyu muka sa hannu, ya bar mini ɗaya. Ya gargaɗe ni kada in ba kowa kuɗi a hannu, har shi kansa, in tura asusun kamfani kawai in ajiye shaida.

Washegari da sassafe na tsallaka Konni. Na yaye tabarma na tarar da ƙwai bakwai a ƙarƙashin mashin, kaza tana hararata. Na wanke shi, ya tashi a bugu na uku, na shigo Illela ina danna oda kamar ango. Shekara ɗaya da wata huɗu na yi ina biya. Sau biyu na gaza, kuma duka biyun ni na fara kiran su kafin su kira ni, aka ɗaga mini. Ranar da na kai biyan ƙarshe na je Sakkwato da kaina na karɓo takardun mashin da sunana a jiki. Na kai wa dattijon buhun albasa ya ƙi karɓa, ya ce in dai kai shi tasha kyauta. A gida Inna ta yi guɗa, matata ta dafa shinkafa da zabi, ɗiyata da ta fara gudu ta hau tankin mashin ta ƙi sauka.

Abin da na koya shi ne, wata bakwai ɗin da na yi ina ɓuya sun fi cin kuɗina da barcina a kan bashin kansa. Balas ɗin da na zuba wa abokina da ya rage mini kaso mai tsoka na bashin. Ina kira ga ƴan uwana, musamman mu na bakin boda da muke ganin kowace matsala maganinta tsallakawa: in masu karɓar bashi suka kira ku, ku ɗauka. Ku faɗi abin da za ku iya, ba abin da zai burge su ba, ku nemi sassauci, ku sa a rubuta, ku ajiye shaidar kowane biya. In kun haɗu da mai zagi ko barazana, ku nemi magana da na sama da shi. Mashin ɗin yana nan a zaure ina rubuta wannan wasiƙa, kuma yanzu duk wanda ya sauka a tasha yana neman gidana, kai tsaye nake kawo shi.