Jirgin da Aka Shafe da Laso

Mijina bai iya ruwa ba. Ba wai iyonsa ne ba ya da kyau ba, ko kusa bai iya ba. In damina ta yi nisa rafin bayan gari ya kawo, yakan tsaya a bakinsa da takalmi a hannu, ya jira masu tallan nono su fara tsallakawa don ya ga inda ruwan ya kai masu. Wannan mutumin ne ya shigo gida wata ranar kasuwar Yankara ya ce mani ya sayi jirgi.

"Jirgin mi?" na ce.

"Na ruwa mana. Na sama zan saya?"

"Malam, kai da ruwa?"

"Ai ba cikin ruwan zan zamna ba. Cikin jirgin zan zamna."

Ina riƙe da muciya, sai na ga na aje ta a ƙasa, cikin toka.

Ni 'yar Yargoje ce, aure ya kawo ni ƙasar Faskari, gidan marina. Kakansa rini ya yi, ubansa rini, shi ma da hannu shuɗi har gwiwa na same shi. Karofinsu na bayan gida. Sai shekarun nan suka zo da kuɗin fetur ya cika ƙasa, kowa ya koma atamfa da shadda da yadin kanti, aka daina kawo saƙi a rina. Ramukan suka bushe, sai 'yan awaki ke faɗawa ciki. Yayansa ya rungumi gona. Nawa kuwa ya bi masu aikin titi, ya yi rani yana leburanci, ya dawo da rediyo da agogo da aljihun da ke cizonsa.

A wajen Mairuwa akwai dam, kuma wasu masunta daga yamma sun zo sun kafa bukkoki a bakinsa. Ya ga yadda 'yan kasuwa ke rububin kifinsu. Ya ga kuma da filafili suke tuƙi. Sai ya ce shi da inji zai yi, kafin su kai tsakiya ya je ƙetare ya dawo. Ya sayi ƙaramin jirgi hannun wani masunci da zai koma gida. Injin kuwa daga Kaduna ya ɗauko shi, kuma ya zaɓi mafi girman da ya gani. A shekarun nan ba mai sayen abu daidai buƙatarsa, abin kunya ne.

Ranar da suka fara ɗora injin bai gaya mani yadda aka ƙare ba. A bakin wata mai suyar kifi na ji. Ta ce suna rataya shi gindin jirgin ya yi ƙasa, goshin ya ɗaga sama kamar jakin da ya ƙi tafiya, ba shiri suka sauke tun ba a tayar ba. Na dama kunu na yi sadaka. Na ɗauka magana ta mutu.

Ashe tana da sauran rai. Ina cikin daka sai na ji a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, ƙarti suka shigo da jirgin a kafaɗa suka aje shi kusa da karofi. Ranar na fara ganinsa. A raina wani abu ne kamar bayan babbar mota. Faɗinsa bai fi na makara ba, kuma na faɗa mashi haka a gaban mutane.

Wanda ya kira ya yi gyaran taubashinsa ne, kafinta. Ƙyaure yake yi da taga da amalanke, bai taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. Dabararsu ita ce a ƙara wa jirgin tsawo ta baya, a haɗa mashi wani akwati na katako kamar kamu biyu, don gindin ya sami abin da zai kwanta kan ruwa da shi, a rataya injin a jikin akwatin. Sai na ga kafinta ya ɗauki zarto ya ɗora kan allon baya, wanda shi ne ya tare ruwa.

"Yanke shi za ku yi?"

"To ta ina sabo zai shiga, matarmu?" in ji kafinta. "Kwantar da hankalinki. In ya nutse ni zan gaje ki."

"Ka fara gyara ƙyauren da ka yi mani, wanda kaza ke shiga ta ƙarƙashi ba ta ko duƙa ba."

Suka yi dariya, zarto ya ci gaba da ci. Ina tsaye aka buɗe lafiyayyen jirgi ta baya kamar an yanke gindin ƙwarya.

Da suka gama buga ƙusoshi, inda tsohon katako ya haɗu da sabo akwai tsagar da yatsana ke shiga. Kafinta ya ce a cusa abduga a bi da kwalta, haka ya ji ana yi. Mijina ya girgiza kai. Ya ce shi ɗan gidan marina ba zai roƙi kwalta ta tare mashi ruwa ba, laso zai yi.

Ga wanda bai tashi kusa da karofi ba, laso shi ne abin da ake shafe ramin rini da shi don kada ruwan baba ya tsiyaye. Katsi ake ƙwaƙulowa daga gindin rami, wato laka mai kwantawa bayan an gama rini, a ƙona shi, a daka, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi da gashin awaki daga majema. In ya bushe dutse ne. Gidansu kuwa an san su da shi, har daga Damari ana zuwa a ɗauke su aiki.

Zan faɗi gaskiya, tun da ramukan nan suka bushe ban ga mijina da rai irin na kwanakin nan ba. Ya shiga rami da kansa yana ƙwaƙulo katsi yana waƙa. Ya shafe tsagar ciki da waje, ya bi da dutsen guga har tana ƙyalli. Da ya bushe ya cika bayan jirgin da ruwan rijiya, ya bar shi ya kwana. Ko ɗigo. Ya kira unguwa kaf aka zo aka gani.

Ni ban san abin da laso zai yi cikin dam ko ba zai yi ba. Abu ɗaya na sani, shi na ɗauka na kai wa yayansa, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Yaya, ƙanenka bai iya ruwa ba. Kai kaɗai zai ji maganarka."

Ya tashi, na bi shi har bayan gida, raina ya fara sanyi. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa lason da bayan yatsa, ya kara kunne. Sai na ga yana murmushi.

"Hannun Baba ke nan sak," ya ce. "Ramin da kakanmu ya shafe, har yau in ruwan sama ya taru ciki sai dai rana ta shanye shi. Abin da ya hana ruwa hita, mi zai hana shi hana ruwa shiga?"

"Yaya, ba laso na zo yi maka magana ba. Na ce bai iya ruwa ba."

"Ke raina aikin gidan da kike cin tuwonsa za ki yi? Wanda kwanansa ya ƙare ai ko bisa gado yake sai ya tahi."

"To a bar shi ya tahi bisa gadon."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Ni ma haka na dube shi. Na zo neman mai riƙe mani mutum, na tarar da mai tura shi.

Ranar gwaji da hantsi suka ɗora jirgin a mota suka tafi. Na bar yara wajen maƙwabciya, na yafa gyale, na bi su a motar kasuwa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa fita ba izini ba sai ranar. Na tarar an cika bakin dam, masunta na zaune suna ɗinkin koma suna kallo ta gefen ido. Na tambayi wani dattijo cikinsu ko abin zai yi. Ya ce, "'Yata, ban taɓa gani ba," ya ci gaba da ɗinkinsa.

Mijina ya hango ni.

"Wa ya ba ki izinin hita?"

"In ka dawo ka tambaye ni."

Kafinta ne aka shirya zai raka shi, amma da aka zo shiga ya ce mura yake yi. Mijina ya shiga shi kaɗai, da hula da sabon agogonsa.

Aka tura jirgin, aka rataya inji. Jirgin ya zauna daram, gaba da baya daidai, kamar an auna. Mutane suka ɗauki kabbara. Ni kaina kunya ta kama ni, na ce ashe ni ce mahaukaciyar. Mijina ya ja igiya, injin ya ɗauka da ruri, har a tafin ƙafata nake jin rawarsa. Jirgin ya yanki ruwa ya nufi tsakiya, wajen da matattun itatuwa ke tsaye, na gonakin da dam ya cinye.

Bai kai can sosai ba muka ga ya waiga. Ya sake waigawa. Ya duƙa, ya cire hula yana kwarfar wani abu da ita. Daga baya ya ce tsagar da ya fara gani ba ta fi silin gashi ba, sai kawai lason ya riƙa ɓamɓarewa falle-falle kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Ramin rini a ƙasa yake, ba ya motsi. Katako kuwa in ya sha ruwa kumbura yake, ga inji na girgiza shi. Wannan duk a baya aka yi ta faɗa. A lokacin abin da na gani shi ne injin ya yi tari ya mutu, gindin jirgin ya lume, goshin ya miƙe tsaye, mijina ya miƙa hannu ya cafki reshen wata matacciyar itaciya, jirgin ya zame daga ƙarƙashinsa.

Ban yi kuka ba. Na dai farga ina cikin ruwa har cinya, wata mata na jan gyalena ta baya. Masuntan tun kafin injin ya mutu sun riga sun tura nasu jiragen. Ina ganin kansa yana nutsewa yana fitowa a jikin reshen, hular na yawo gefe guda.

Da suka isa suka kama shi, ya kasa sakin reshen. Yatsunsa sun ƙage. Sai karya reshen suka yi, suka kawo shi da shi a hannu.

Aka kwantar da shi a kan yashi yana aman ruwa. Na durƙusa a kansa. Ya buɗe ido ya gan ni. Na kara kunne, na ɗauka salati zai yi, ko ya tambayi yara.

"Bai gama bushewa ba," ya ce. "Da na ƙara mashi sati guda."

Na ɗaga kai in ga ko wani ya ji abin da na ji. Kafinta na gyaɗa kai. Da muka koma gida yayansa ya ce shi a ganinsa gashin ne ya yi kaɗan. Ba wanda ya ce Allah Ya tsare gaba a bar wannan abu. Gardamar da aka kwana ana yi a zaure ita ce dafara ce ta yi ruwa-ruwa ko katsin ne bai ƙonu ba.

Masunta sun jawo jirgin, don katako ba ya nutsewa duka. Aka kai injin wajen makanike a Funtuwa, jirgin kuma ya dawo mazauninsa kusa da karofi. Mijina ya yi kwanaki yana tari. Ranar da tarin ya lafa, ina shanya sai na ji warin katsi ana ƙonawa.

Na jira ranar kasuwa, da ya tafi majema neman gashi. Na ɗauki gatarin da nake faskare da shi. Akwatin kafinta bai ba ni wahala ba, sara kaɗan ya watse. Tsohon jirgin ne ya yi gardama, katakon maɗaci ne, gatarin na tsalle yana dawowa. Na ɗaure zane na bi cikinsa, allo bayan allo, har tafin hannuna ya fashe. Mata na leƙe ta saman danga.

La'asar ya shigo da ƙunshin gashi a hammata. Ya tsaya. Ya bi tarin katakon da kallo.

"Mi kika yi?"

"Itace na faskara."

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani, Malam. In saki ne ga ni, kayana ba su da yawa. Gara in koma Yargoje bazawara da in zamna nan in yi maka takaba."

Ya aje ƙunshin a bakin rami ya fita. Na ji muryar yayansa daga zaure yana cewa macen da ta ɗaga gatari kan dukiyar miji gobe kan mijin za ta ɗaga, a ba ta takardarta. Na ɗaure kwanukana a zane na zauna ina jira. Takarda ba ta zo ba, ranar ko washegari.

Magana dai ya daina yi mani har aka yi girbi. In yana son abu sai ya ce wa babbar ɗiyarmu, "Ce ma uwarki," ina zaune kusa da shi. Itacen jirgin na dafa tuwo da shi har ya ƙare, tsohuwar kwaltar da ke jiki na hayaƙi baƙi, tuwon na wari. Ya ci. Injin ya sayar wa masunta, ya koma gona tare da yayansa. Ya tsufa, ya ga jikoki, ya aurar da wasunsu.

Sai bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, har na iya riƙe alƙalami. A gidan marina har yau in an tashi ba da labarin nan, cewa ake yi akwai wata mata da aka taɓa aurowa daga Yargoje wadda ta fasa wa mijinta jirgi da gatari. Haka aka yi. Ni na fasa.