Ƙwaryar da Aka Aike Ni da Ita Ranar Kalankuwa

Jiya wasu makaɗa suka wuce ta bayan gidana da kalangu, sai na ga hannuna ya tsaya da tankaɗe. Raina ya koma Illela, ina 'yar shekara tara.

Ka san bayan farin nan na tamanin da huɗu, mutum da dabba kowa ya ji jiki. Da damina ta dawo, shanun wata ruga da ke hanyar Tozai suka faɗa gonarmu. Aka kawo Baba gida da karyayyen hannu, aka ce ɗan Ardo ne ya sa masa sanda. Iyakar abin da aka gaya mana ke nan. Daga ranar nonon rugar bai ƙara shiga gidanmu ba, aka hana mu amsa gaisuwarsu. Ni kuwa na riƙe ƙiyayyar nan da gaske, har tofar da yawu nake yi idan matansu sun gifta.

Shekarar da aka sake buɗe iyakarmu da Nijar gero ya yi kyau. Dattawa suka ce a farfaɗo da kalankuwa, bikin bayan girbi, a kira dangi na Ƙonni da Amarawa, a kira Fulani. Tun hantsi fili ya cika: 'yan kokawa da layu, masu goge, 'yan mata sun sha lalle. Kaka ta ɗaura mini sabon zane, ta aza mini ƙwaryar dawon fura a ka, ta nuna mini ɗan Ardo.

Na ce, "Kaka, ba shi ne ya karya Baba ba?"

"Shi na. Tahi ki kai mai."

"Don mi?"

"Ke dai tahi."

Na tafi, na dire ƙwaryar ban gaishe shi ba. Uwarsa ta zuba nono, ta dama. Ina jira ya roƙi gafara, sai na ga Baba ne ya taso, ya cire hula, ya durƙusa gaban jama'a.

"Ni na fara," in ji shi. "Saniyar da nis sare ciki gare ta. Ka yahe mani."

Ɗan Ardo ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na motsi. Daga baya na ji ashe saniyar marigayiyar matarsa ce. Shi da Baba suka sha da ludayi ɗaya, mata suka rangaɗa guɗa, kiɗa ya tashi. Ni kaɗai na tsaya kamar an dasa ni. Wace saniya? In Baba ne ya fara, ni wa nake ƙi shekara biyu? Da yamma na tambayi Kaka wa ke da gaskiya. Ta ce, "Kowa ya yi hasara, ɗiyata. Ci tuwonki."

Yanzu ba a kalankuwa a wajenmu. Rikici ya taso, sai ofis da takarda, kowa ya fito da fuska a murtuke. Ban taɓa tambayar Baba dalilin da ya bar mu cikin duhu ba, har ya koma ga Allah. Ranar ta'aziyyarsa wani tsoho mai sanda ya tsaya bakin zaure, ya ce a kira masa yarinyar da ta kawo dawo. Na fito da jikata a baya. Ya ce, "Ya haƙuri?"

Na dube shi, na gane ɗan Ardo ne. Sannan na durƙusa na amsa.