Yatsan Baba Mai Sanda

Kafin masu shara su gama da zauren majalisa, Baba Mai Sanda ya iso da tsummansa a aljihu. Zai buɗe akwati, ya fito da sandar majalisa, ya yi ta goga har ta ɗauki ido. Matarsa takan ce da haka yake kula da takalminsa, da an ɗauke shi ɗan majalisa.

Majalisar ta ƙasashen yankinmu ce, wadda ake wa ba'a da kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Ni ma da nake ɗauko wa jarida labarinta na sha faɗin haka. Amma akwai ƙa'ida ɗaya da Baba ya riƙe hannu bibbiyu: in sanda ba ta kan tebur, duk abin da aka zartar ya tashi a banza.

Ranar rufe zama aka kawo dokar hana tsare motar asibiti a kan iyaka. In ba ta wuce a ranar ba, ta sha ruwa ke nan. Wasu wakilai da suka ga za su sha kaye sai suka yi kan tebur za su sure sandar. Ina benen 'yan jarida ina kallo, tsohon nan ya kife a kanta, ya danne da ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ni ka ja ni in kana so," ya ce wa na gabansu, "amma wannan ba inda za ta."

Suka ja, ya ƙi saki, har yatsansa ya karye. Yana kife aka ƙirga hannuwa, doka ta wuce, daga baya ƙasashe suka sa hannu.

Baba, kai ne turken zauren nan. Bara naƙuda ta zo wa ƙanwata da gardama, asibiti mafi kusa kuma yana tsallaken iyaka. Aka ɗage wa motar asibitin da ta ɗauko ta shinge, ko birki direba bai taka ba. Likita ya ce da an makara, da sai dai wani labarin.

Mun gode, Baba, Allah ya sa ka huta lafiya. Masu tasowa, kowa ya riƙe abin da aka damƙa masa kamar yadda Baba ya riƙe.

Ranar da ka ajiye aiki na kai maka jaririn ƙanwata. Ya cafke yatsan nan da ya warke a karkace, ya ƙi saki. Ka yi dariya ka ce, "To, ga magajina nan."